Kyauta, Wasiyya da Gado: Abin da Ya Kamata Dattawa Su Sani

A Bodinga da Shagari, dukiyar dattijo galibi gona ce, da gida, da dabbobi. Idan ya rasu, a mazhabar Malikiyya ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai sauran magada sun amince.

Kyauta kan jawo rikici. Idan uba ya ba ɗansa baligi gona, dole ɗan ya karɓe ta tun uban yana da rai da lafiya. In ba haka ba, gonar ta koma cikin gado. Saboda haka a rubuta kyautar, a sa shaidu, a rubuta bashi da jinginar gona ma.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar filin karkara. Wanda aka sa a matsayin makusanci a takardar banki ko ta fansho ba ya zama mai kuɗin, na dukkan magada ne. In an yi saɓani, kotun shari'ar Musulunci ke yanke hukunci, ana kuma iya ɗaukaka ƙara.