Motsa Jiki Cikin Ruwa ga Masu Faibromayaljiya

Faibromayaljiya ciwo ne da ke game jiki, tare da gajiya da ƙarancin barci. Ya fi kama mata, kuma gwajin jini ba ya nuna shi, shi ya sa akan zargi mai shi da ragwanci. Motsa jiki cikin ruwa mai ɗumi yana sassauta raɗaɗin, domin wanda ruwa ya kai wa ƙugu, kimanin rabin nauyinsa kawai ƙafafunsa ke ɗauka. Sai dai a yankin Safana da Batsari, ruwan tafki da na madatsa, irin ta Zobe a Dutsin-Ma, yana iya haddasa tsargiya. Saboda haka, inda babu tsaftataccen wurin ninƙaya, malami ya shawarci mai ciwon ya ga likita, ya kuma lizimci tafiyar ƙasa sannu a hankali.