Malam Ya Zaɓi Ɗanki Zuwa Musabaƙa: Shirin da Ya Rataya a Wuyanki

Duk shekara idan lokacin musabaƙar karatun Alƙur'ani ya gabato, malaman Islamiyya daga Horo Birni zuwa Dandin Mahe, Sifawa har cikin garin Boɗinga, sukan shiga tankaɗe da rairaya a cikin ɗalibansu. Gurbin kaɗan ne, masu so da yawa. Idan malam ya aiko miki cewa ɗanki ko ɗiyarki na cikin waɗanda za a gwada, to farin ciki ya same ki, aiki kuma ya same ki.

Duk malamin da ya daɗe yana kai yara ya san irin yaron da hadda ta zauna masa daram a aji, amma da an zaunar da shi gaban alƙalai, an kanga masa makirfo a baki, sai komai ya ɗauke. Hadda da tajwidi aikin malam ne. Natsuwa, lafiyar murya da ƙarfin zuciya kuwa a gida ake gina su, kuma ko ba ki haddace izu ɗaya ba, 'yar'uwa, wannan ɓangaren naki ne.

Ki san matakalar da zai hau

Musabaƙar ƙasa a nan gida ta samo tushe. Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ce ta fara shirya ta a 1986, kuma har yau ita ke riƙe da ita, jihohi na karɓar baƙuncinta bi da bi. Yaro kan fara daga makarantarsa, ya je matakin ƙaramar hukuma, kamar Shagari ko Boɗinga. Wanda ya tsallake sai ya haɗu da zakarun ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, daga nan a fitar da wakilan jiha. Zakarun ƙasa su ake turawa gasannin duniya, irin ta Sarki Abdul'aziz a Makka. Mata ma ba a bar su a baya ba: a 2024 Hajara Ibrahim Ɗan'azumi 'yar jihar Gombe ta zo ta ɗaya a gasar mata ta duniya a ƙasar Jodan.

Ana karawa ne rukuni-rukuni: izu 2, izu 10 da tangimi, izu 20, izu 40, izu 60, sai izu 60 da tafsiri, maza daban mata daban. Tambayarki ta farko ga malam ita ce: wane rukuni aka sa shi? Kada son girma ya sa ki nace a ɗaga shi zuwa izu 20 alhali goman farko ne suka nuna. Gara ya shiga inda ƙafarsa ta taka ƙasa. Ki tambayi kuma ƙa'idar shekaru da takardun da ake buƙata, ki nemo takardar haihuwarsa tun yanzu. Kada ki yarda a rage masa shekaru. Yaron da aka kai shi karanta Littafin Allah da ƙarya a aljihu, darasin da zai fi riƙewa ke nan.

Me alƙalai ke saurare?

Abu uku: hadda, tajwidi da sauti. Alƙali zai ɗauko farkon aya daga ko'ina a cikin izufin yaro, shi kuma ya ci gaba har a ce ya isa. Idan ya yi kuskure a buga masa ƙararrawa. In ya gyara da kansa, abin da za a rage masa kaɗan ne. In sai da aka buɗe masa, ragin ya fi yawa. Ma'ana, yaron da ya ji ƙararrawa ya numfasa, ya koma baya kaɗan, ya sake ɗaukowa, ya fi wanda ya ruɗe nesa ba kusa ba.

Wurin da aka fi zamewa shi ne ayoyi masu kama da juna, inda yaro kan tashi daga wannan sura ya faɗa wata bai sani ba. Ki roƙi malam ya rubuta masa su a littafi guda, ya riƙa bi. Sai kuma haruffan da harshenmu ya saba lanƙwasawa, kamar lodi da ɗa mai hannu, waɗanda karatun allo ke furtawa daban da yadda alƙalin tajwidi ke so. Ki tabbatar kuma da wace ruwaya zai karanta. Tsangayoyinmu da Warshu suka saba, yawancin Islamiyyu kuwa da Hafsu. Yaron da ke zuwa allo da safe, Islamiyya da yamma, yana iya cakuɗa su, don haka ya tsaya a kan ɗaya har a gama.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Da zarar an sa rana, a dakatar da ƙarin sabuwar hadda, a koma tilawa. Ki ware masa lokaci biyu da ba sa motsi: bayan Asuba kafin hayaniyar gida ta tashi, da tsakanin Magariba da Isha'i. Rabin awa da hankali a kwance ya fi awa uku da gyangyaɗi. A makonnin nan ki rage masa aike, ɗiban ruwa da talla, ki kuma gaya wa 'yan'uwansa dalili don kada kishi ya shiga.

Wayar da ke hannunki malama ce ta biyu. Ki sa a tura miki karatun Shaihu Husari ko na Minshawi, musamman wanda ake karantawa a tsanake yaro na maimaitawa. Husari ya naɗi Hafsu ya kuma naɗi Warshu, sai ki zaɓi wanda ya dace. Makaranci ɗaya ya isa. Yaron da yau ya kwaikwayi wannan gobe wancan, ƙarshenta muryarsa ta rasa gida. Sannan ki riƙa naɗar karatunsa kina kunna masa. Sau da yawa da kunnensa zai kama inda ya gutsure madda ko ya yanke numfashi a inda bai dace ba.

Murya amana ce

Ƙurar hunturu, hayaƙin murhu da ruwan ƙanƙara su ne manyan abokan gabar maƙogwaro. Ki matsar da shi daga bakin murhu, ya riƙa shan ruwa sosai, da safe ki ba shi mai ɗumi da ɗan zuma in akwai. Ki hana shi ihu a filin ƙwallo. Idan muryar ta dishe, hutu ne maganinta, kada a tilasta masa karatu da ƙarfi. In dishewar ta ƙi wucewa ko ta zo da zazzaɓi, ki kai shi asibiti maimakon haɗe-haɗen magani. Namijin da ya fara balaga kuwa, muryarsa za ta riƙa karyewa ba laifinsa ba. Ya sauko da ita inda ba ta wahalar da shi, kuma kada a bar kowa ya yi masa dariya. Barci ma shiri ne: yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana guda.

Ki kafa masa musabaƙa a tsakar gida

Sau ɗaya a mako, ki shimfiɗa tabarma, ki kira babansa, kakarsa da maƙwabta biyu ko uku. A ɗora shi a kujera shi kaɗai. Wani mai karatu ya riƙe Alƙur'ani ya ɗauko masa aya daga inda bai zata ba, a sami cokali da kwano a matsayin ƙararrawa. Manufar ita ce ya saba da idanun mutane da ƙarar gyara, har su daina razana shi. In da hali, ki roƙi malam ya sa shi karatu da lasifika a taron makaranta, don kada ranar ta zama karonsa na farko da jin muryarsa tana dawowa.

Ranar kanta

Ya kwanta da wuri, ya karya da abin da cikinsa ya saba, kunu ko koko da ƙosai, ba mai maiƙo da yawa ba. Tufafi masu tsabta da ba sa matse shi sun wadatar. In ɗiya ce, ki san wa zai raka ta da inda za ta kwana idan tafiyar ta kai Sakkwato, kuma idan ta fara al'ada ki tattauna da malamarta tun da wuri. A bakin ƙofa kada ki ce masa “ka fitar da mu kunya”. Wannan kaya ne da ya fi ƙarfin kan yaro. Ki dafa kansa ki yi masa addu'a, ki ce ya karanta kamar yadda yake yi miki a ɗaki.

Bayan an faɗi sakamako

Mutum ɗaya ke zuwa na ɗaya a kowane rukuni, saura duk gida za su dawo. In bai tsallake ba, abin da ya gani a fuskarki a daren nan shi zai tuna. Zagi ko gori da ɗan maƙwabta na iya raba shi da karatun gaba ɗaya, wannan kuwa ya fi rashin kyauta ciwo. Ki ba shi abinci, ki bar shi ya huta. Bayan kwana biyu ki nemi malam ya faɗa muku inda aka rage masa maki, ku fara gyara daga nan. In kuma ya ci, ki taya shi murna, sannan ki tuna masa da tilawar gobe da asuba, domin hadda ba ta zama a wurin wanda ya sake ta.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya.