Ma'aikacin Albashi ko Ɗan Jinga: Hukuncin Ijara a Ƙaramar Sana'ar Shara da Tsabtacewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Asalin wannan rubutu tambaya ce da wani tsohon ɗalibina ya zo mini da ita daga Sifawa, garin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa tsakanin 1810 da 1815 kafin ya koma Sakkwato. Ya kafa ƙaramar sana'a ta shara da goge-goge. Yana tsabtace wata makaranta mai zaman kanta da wani ƙaramin asibiti a yankin Boɗinga kullum, kuma idan azumi ya gabato yana karɓar wankin shimfiɗun masallatai har zuwa Shagari. Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, abokaina sun ba ni shawara in sallami yarana in riƙa bayar da aikin jinga, wai ta haka ba ruwana da albashin wata, ba ruwana da abin da ya ɓata ko ya fashe. Shin haka ne a shari'a?" Amsar ita ce rabin maganar abokansa gaskiya ne, rabin kuwa kuskure ne da zai iya jawo masa cin haƙƙin mutane.

Nau'i biyu na ɗan ƙodago

Malaman fiƙihu sun kasa wanda aka ɗauka aiki gida biyu. Na farko shi ne ajirun khassun, wanda aka ƙulla yarjejeniya a kan lokacinsa: wuni, ko wata, ko shekara. Na biyu shi ne ajirun mushtarakun, wanda aka ƙulla a kan wani aiki sananne, yana kuma da 'yancin karɓar aikin wasu, kamar tela da mai wanki da guga. Hausawa sun san wannan bambanci tun kafin zuwan kamfanoni: na farko shi ne yaron gida ko mai albashi, na biyu shi ne ɗan jinga. Dukansu suna da asali a Alƙur'ani. A Suratul Ƙasas, aya ta 27, an ɗauki Annabi Musa (AS) aiki na shekara takwas, wato an ƙayyade da zamani. A Suratul Kahfi, aya ta 77, shi Annabi Musa ɗin ya nuna cewa ana iya karɓar lada a kan tayar da bango, wato an ƙayyade da aiki. Majallatul Ahkamil Adliyya, kundin da Daular Usmaniyya ta tsara tsakanin 1869 da 1876 bisa mazhabar Hanafiyya, ta kawo wannan rabe-rabe a sashe na 422.

Daga wannan asali hukunce-hukunce suke rassa. Mai albashi yana cancantar ladansa da zarar ya miƙa kansa a lokacin da aka yi alkawari, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba. Idan ya zo da sassafe ya tarar sabulu ya ƙare, ko ruwa ya yanke, ko mai gadi ya tafi da makulli, ladan wunin nan nasa ne. A madadin haka ba shi da ikon sayar da wannan lokaci ga wani. Idan ya sulale ya je yi wa wani shara a cikin sa'o'in aiki, Malikiyya sun ba ubangidansa zaɓi, ko ya karɓi abin da ya samo, ko ya rage masa gwargwadon lokacin da ya tauye. Ɗan jinga kuwa ba ya cancantar komai sai da aiki, amma lokacinsa mallakarsa ne.

Saboda haka Malikiyya suka yi taka-tsantsan da haɗa ƙayyadewa biyu a ƙulli ɗaya, kamar a ce: "Share azuzuwa goma sha biyun nan yau, kafin azahar, a kan kaza." Idan lokacin yana da yalwa fiye da aikin, da yawansu sun sauƙaƙa. Idan kuwa lokacin daidai yake da aikin ko bai kai ba, garari ya shigo, domin mutum zai iya shan wahalar wuni ya tashi ba a ba shi komai ba saboda aji ɗaya da ya rage. Haka nan ba a shigar da irin wannan aiki babin ji'ala, domin sharaɗinta a mazhaba shi ne kada mai bayar da aikin ya amfana da sashen aikin idan ba a kammala ba, shi ya sa suka halatta ta a haƙa rijiya a ƙasar da ba ta da mai ita, suka hana a gonar mai bayarwa. Wanda aka share masa aji goma ya riga ya amfana.

Wa ke ɗaukar lamuni?

A nan ne shawarar abokan ɗalibina ta fi rauni, kuma a nan nake so a dakata.

Asali a shari'a ɗan ƙodago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma Imam Malik ya keɓe masu sana'a da suka kafa kansu don jama'a, ya ce suna biyan abin da suka tafi da shi wurinsu, ko da kyauta suke aikin, sai in an sami shaidun da suka tabbatar ya halaka ba da laifinsu ba. Ibn Abi Zaid (ya rasu 386 BH) ya kawo wannan a Risala, Ibn Rushd (595 BH) ya tattauna saɓanin a Bidayatul Mujtahid, Shaɗibi (790 BH) kuma ya sanya shi cikin misalan maslaha mursala a Al-I'itisam. Dalilin a fili yake: jama'a ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, kuma da za a gaskata kowane mai wanki da ya ce riga ta ɓata, da dukiyar mutane ta salwanta. Abu Hanifa bai ɗora musu lamunin abin da ya halaka ba da aikinsu ba, amma almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun ɗora, sai a abin da ya fi ƙarfin mutum kamar gobara gama-gari. Har wani malamin Maroko, Ibn Rahhal, ya keɓe wa mas'alar littafi guda mai suna Kashful Ƙina'i an Tadminis Sunna'i.

To, a lura da sharuɗɗan. Lamunin yana rataya ne a kan abin da ake aikin a cikinsa, kuma wanda mai sana'a ya ɓace da shi daga idon mai shi. Idan ya yi aikin a gidan mai kaya, ko a gabansa, hukuncin ya koma asali, wato amana. Mafi yawan aikin shara a wurin mai bayarwa ake yin sa. Don haka idan gilashin taga ya tsage ana cikin gogewa irin wadda aka saba, ko fanka ta lalace, ɗan jinga bai fi mai albashi ɗaukar lamuni ba. Dukansu sai an tabbatar da sakaci. Wurin da hukuncin masu sana'a yake aiki sosai shi ne shimfiɗun masallaci da labule da darduma da ake naɗewa a ɗora a mota a tafi da su wanki. Waɗannan, tun daga lokacin da suka bar masallaci, suna wuyan wanda ya karɓa daga hannun kwamitin masallacin.

Kuma wanda ya karɓa ɗin shi ne ɗalibina, ba yaronsa ba, ba kuma wanda ya miƙa wa ba. Mai irin wannan sana'a yana tsaye ne tsakanin ƙulli biyu. A sama, tsakaninsa da makaranta ko masallaci, shi ne ɗan jinga. A ƙasa, tsakaninsa da masu tsintsiya, shi ne mai bayar da aiki. Ƙullin ƙasa ba ya sauke masa nauyin na sama. Khalil a Mukhtasar ya lissafa yaron mai sana'a cikin amintattun da ba sa biya, saboda shi amintaccen ubangidansa ne. An ruwaito daga Ashhab cewa idan kaya suka yi wa mai wanki yawa ya ɗauki wani ya aike shi da su bakin ruwa, sannan ya dawo ya ce sun ɓata, wannan na biyun zai biya. Ko a kan wannan ra'ayi, abin da ɗalibina ya samu shi ne damar bin wanda ya ba wa aikin; masu masallaci kuwa shi suka sani.

Daga nan ake gane ɓarnar al'adar da ta yaɗu ta yanke albashin mai shara duk lokacin da wani abu ya fashe, ba bincike. Ko da an rubuta hakan a takarda bai halatta ba. Malikiyya sun ce idan aka sharɗanta wa makiyayi biyan dabbar da ta mutu ba da sakacinsa ba, ijarar ta ɓaci, ba zai biya ba, kuma a ba shi ladan da ake ba irinsa. Ban ga bambanci tsakanin makiyayi da mace mai goge daɓen asibiti ba.

Miƙa aiki ga wani, da cin riba a tsakani

Shin ya halatta ya karɓi aiki a kan naira dubu ɗari, misali, ya ba wani a kan dubu saba'in? Ya danganta da yadda aka ƙulla. Idan an sharɗanta shi da kansa ko mutanensa za su yi, ko al'ada ta nuna haka, bai halatta ya miƙa ba sai da izini. Majalla ta faɗi irin wannan a sashe na 571 da na 572. A ganina ɗakin haihuwa na asibiti, da ofishin da ake ajiye takardun jarrabawa, da cikin gida inda iyali suke, duk suna cikin wuraren da al'ada ta mayar da mutum abin nufi, domin an ba shi makulli ne saboda an san shi da iyayensa. Idan kuwa aikin yana zimmarsa ne kawai, kamar yasar kwata kafin damina, ya halatta ya miƙa, kuma ribar halal ce, saboda yana ɗauke da lamunin aikin, ya kuma sa kayan aikinsa da kulawarsa. Hadisin Nana A'isha (RA) da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ɗaure amfani da ɗaukar lamuni. Wani ƙarin amfanin ƙullin zimma ya bayyana a sharar masallaci: ba a ɗaukar mai haila a kan ta shiga da kanta, amma idan aikin a zimma yake sai a tura wani a kwanakin.

Akwai wani sharaɗi da mutane ba su cika sani ba. Idan aikin a zimma yake, kuma ba za a fara shi nan kusa ba, Malikiyya sun wajabta gaggauta biyan lada, don kada ya zama bashi a kan bashi. Wanda ya ƙulla wankin shimfiɗu tun Rajab, aiki sai ƙarshen Sha'aban, biya kuma sai bayan salla, ya duba ƙullinsa.

Mafi munin abin da na gani a wannan sana'a shi ne kalmar "sai an biya ni in biya ku." Ladan mai shara bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi, ba a wuyan makaranta ba, kuma rataya shi a kan ranar da ba wanda ya san ta jahilci ne a ajali. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA), a hadisi ƙudusi, cewa wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi cikakken aiki ya hana shi lada yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Wanda ba shi da jarin da zai riƙe albashin wata ɗaya ko biyu idan biya ya yi jinkiri, bai kai matsayin ɗaukar ma'aikata ba tukuna.

Suna ba ya canza hukunci

Ƙa'ida ce sananniya cewa abin lura a ƙulle-ƙulle shi ne manufa da ma'ana, ba lafazi ba. Idan ɗalibina ya kira mutanensa 'yan jinga, alhali shi ke cewa su zo ƙarfe shida su tashi ƙarfe goma sha biyu, shi ke ba su tsintsiya da bokiti, ya kuma hana su aikin wani, to masu albashi ne, kuma duk haƙƙoƙin da aka ambata suna kansa. Ba zai mallaki lokacinsu kamar yaran gida ba, sannan ya biya su kamar baƙi.

Dokar ƙasa ba ta cika wannan giɓi ba. Mafi ƙarancin albashi da aka ɗaga zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin jinga. Amma fita daga wannan doka ba fita daga shari'a ba ne. Sauran dokokin kuwa sun shafe shi: Dokar Ƙwadago ta wajabta ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a biya hukumar NSITF don wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ga mai kwashe sharar asibiti, inda allura take ɓuya a cikin auduga, wannan maslaha ce da ba na shakkar shari'a tana goyon bayanta.

Abin da na ce wa ɗalibina shi ne ya riƙe mutanensa na makaranta da asibiti a matsayin masu albashi, domin aiki ne na kullum da ya ginu a kan amana, ya rubuta musu lokaci da lada da ranar biya. Wankin shimfiɗu da yasar kwata da share filin biki kuwa ya bayar da su jinga, bayan ya sanar da masu aikin cewa wani zai yi, a ƙirga shimfiɗun a gaban shaidu biyu ranar ɗauka da ranar mayarwa. Allah shi ne Mafi sani.