Me ya sa inuwa ta fito shuɗiya a zanen hunturu na Monet?

A hunturun 1868 zuwa 1869, Claude Monet ya fita wajen garin Étretat na arewacin Faransa, ya zana filin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, da tsuntsu dangin hankaka a kan ƙyauren shinge. Alƙalan Salon, baje kolin hukuma a Paris, sun ƙi karɓar zanen a 1869.

Inuwa ce ta bambanta shi. An saba zana ta da baƙi ko ruwan toka, shi kuwa ya sa shuɗi, domin inda rana ba ta kai ba, hasken sararin samaniya ne ke sauka a kan dusar. Da wuya mazaunin ɗaki ya lura da haka.

Fentin mai ne ya sauƙaƙa wannan fita: yana kauri a sanyi, amma ba ya saurin daskarewa kamar na ruwa. Tun 1841 kuma aka ƙirƙiro bututun matse shi, irin na man goge baki.

A 1874 Monet da abokansa suka buɗe nasu baje kolin, ba tare da neman yardar alƙalai ba. Yau zanen yana gidan tarihi na Orsay.