Yadda Ake Aika Sandar Fatsa Daga Kasuwar Jalingo

Manomi, idan ka sayi sandar fatsa a Kasuwar Jalingo domin ka aika wa ɗan'uwa mai su a Lau ko Ibi, bakin kogin Binuwai, ka sani cewa tsininta ne ke fara karyewa, kuma da wuya wani ya biya ka.

Nemi bututun roba irin na masu aikin famfo, wanda ya ɗara sandar tsawo da kamar santimita 10. Cire ƙugiya da zare ka adana su a gwangwani daban. Naɗe sandar da tsumma, ka riɓanya shi a wajen tsini, sa'annan ka zura ta ka toshe bakin bututun duka biyu. Girgiza shi, idan ka ji motsi, ƙara tsumma. Kwali ba ya wannan aiki, domin buhun masara guda ya isa ya lanƙwasa shi, balle da damina.

Gidan waya yana ba da rasit, amma akwai ƙa'idar tsawon kaya, saboda haka ka tambaya kafin ka biya. A ganina, ga mai aikawa ƙauye motar tasha ta fi sauƙi, muddin ka miƙa saƙon a gaban shugabannin tasha, ka karɓi lambar mota da ta direba. Saƙon Ibi yana iya sauya mota a Wukari, don haka rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a jikin bututun kansa.