Gaba Sanyi, Baya Zafi: Abin da Ke Hana AC Ɗin Mota Kaiwa Ga Yara

A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafi a Sakkwato, Maiduguri da Kano yakan wuce digiri 40. A irin wannan lokaci, uwa na zaune gaban mota iska mai sanyi na kaɗa ta, yaran da ke baya kuwa sun jiƙe sharkaf da gumi. Sai a ce rigima ce kawai irin ta yara. Sau da yawa gaskiyarsu ce, sanyin bai isa wurinsu ba.

Abin ba na wasa ba ne. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ninki uku zuwa biyar, jariri kuma ba shi da bakin faɗa. Don haka kafin a kai mota wurin mai gyara, ga abubuwan da ke da kanki za ki iya dubawa.

Fara da tafin hannunki

Ki kunna mota, ki kai fankar AC ƙarshe, ki sa hannu a kowace ƙofar iska, ta gaba da ta baya. Abu biyu kike nema: ƙarfin iskar da sanyinta. Iska mara ƙarfi matsalarta daban, iska mai ƙarfi amma ɗumi matsalarta daban. Wannan bambanci shi zai hana a karɓi kuɗinki a banza.

Idan iskar ba ƙarfi ko'ina

Mafi yawanci filta ce ta toshe. A motoci da dama, irin su Corolla da Camry, tana bayan ɗan akwatin ajiya da ke gaban kujerar mai zaman banza, kuma ciro ta ba ya ɗaukar minti goma. Bayan ƙurar hunturu za ki same ta ta koma ja, wani lokaci har da ganye. Idan iska ta raunana, na gaba ne kaɗai ke samun ɗan abin da ya fito, na baya ko oho. A ƙasarmu mai ƙura, a duba ta duk bayan hunturu, a sauya idan ta cushe.

Idan gaba lafiya, baya shiru

Ki leƙa ƙarƙashin kujerun gaba. Motoci da yawa suna da bututun iska a nan, kuma tabarmar ƙafa, takalmin makaranta ko leda kan rufe bakinsu. A wasu motocin ma ba sa fitar da iska sai an juya maɓalli zuwa alamar fuska da ƙafa.

Manyan motoci irin su Sienna suna da nasu AC na baya, da fankarsa da maɓallinsa daban. Yara kan kashe shi da wasa ba wanda ya lura. Idan an kunna kuma ba ki ji motsi ba, fis ne ko fankar bayan, aikin mai gyara ke nan.

Idan motarku ƙarama ce da ba ta da ƙofar iska a baya sam, ki ɗaga ƙofofin tsakiya na gaba su kalli rufin mota maimakon fuskarki. Iskar za ta bi sama ta sauka kan yara.

Idan gefe ɗaya sanyi, ɗaya ɗumi

Abu biyu ke kawo haka. Ko gas ya ragu, ko kuwa ɗan murfin da ke cikin dashbod, wanda ke haɗa iskar zafi da ta sanyi, ya maƙale. Idan kina jin ƙas-ƙas a cikin dashbod lokacin da aka juya maɓallin sanyi, murfin ake zargi.

A nan ne ake cutar mutane. Gas ɗin AC ba fetur ba ne da ke ƙonewa. Idan ya ragu sosai, wani wuri ne ke yoyo. Duk mai gyaran da ya ce a ƙara gas bai nemi yoyon ba, ki sani ba da daɗewa ba za ki sake biyansa. A kuma duba takardar da ke manne ƙarƙashin bonet: yawancin motocin da ke hannunmu R134a suke sha, sababbi kuwa R1234yf, ba a haɗa su.

Idan ya fara da kyau, ya mutu a hanya

A doguwar tafiya, kamar Kano zuwa Abuja, iska kan yi ta raguwa bayan awa ɗaya ko biyu. Ƙanƙara ce ta taru a ciki ta tare hanya. Ki kashe maɓallin AC, ki bar fanka kaɗai na 'yan mintuna, za ta narke. Idan abin ya maimaitu, a kai a duba.

Dabarun yau da kullum

Motar da ta sha rana, a buɗe gilasai zafin ya fita tukuna, sannan a rufe a danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota. A sa labulen gilashi a gefen yara. Kafin ki ɗaure jariri, ki taɓa kujerarsa da ƙarfen bel, suna ƙona fata. Kada a lulluɓe kujerar jariri da zane mai kauri, zafi yake tarawa.

A hanya ki riƙa taɓa bayan wuyan yaro. Jan fuska, kasala, amai ko kukan da ya ƙi tsayawa, a tsaya a inuwa, a rage masa kaya, a ba shi ruwa, ɗan ƙasa da wata 6 kuwa nono. Idan ya rikice ko ya suma, a shafe jikinsa da ruwa mai sanyi a nufi asibiti nan take.

Kada a bar yaro shi kaɗai a mota, ko AC na kunne. Inji kan mutu, kuma cikin minti 10 zafin motar da ke rufe kan ƙaru da kusan digiri 10.

Uwargida, wace mota kuke hawa, kuma wace dabara kike yi wa 'yan bayanki a bazara? Ki rubuto mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru.