Gano Dalilin Gardamar Giya a Tsohuwar Land Rover

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa gardamar giya alama ce kawai, ba ita ce cutar ba. Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ya kamata a yi kafin a yarda bakanike ya sauke akwatin giya, aikin da ke cin kuɗi da lokaci. Za mu ɗauki misali da Land Rover ta Ingila, wadda Hausawa suke kira Landiroba.

Da farko sai a san ƙirar motar. A cikin akwatin giya akwai zobban tagulla masu daidaita gudun haƙora kafin su sarƙe. Ƙirar Series IIA, ta 1961 zuwa 1971, giya ta uku da ta huɗu kaɗai ke da su. Sai a Series III, wadda ta fito a 1971, aka sa wa dukkan giyoyin gaba huɗu. Saboda haka ƙarar giya ta biyu a tsohuwar ƙirar ba lalle lalacewa ba ce. Direba ne zai taka kuloci sau biyu, yana ratsawa ta firi.

Na biyu, a kashe inji a gwada kowace giya. Idan duk sun shiga sumul, amma suka ƙi bayan an tayar da inji, to kuloci ne ba ya saki sosai. Ribas kan tabbatar da haka, domin ba shi da zobe, nan da nan yake ƙara. In kuwa tattaka kulocin ya kawo sauƙi, iska ta shiga bututun mansa, ko kuma robobinsa sun cinye.

Na uku, idan giya ɗaya tak ke ƙara, zobenta ne ya suɗe. Wadda ke fita da kanta kuwa, sai a tuhumi sifirin da ke riƙe ta ko haƙoranta.

Na huɗu, kada a manta da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan jar sandarsa ta tsaya a tsakiya, ko wace giya aka sa mota ba za ta motsa ba. Haka kuma tafiya a kwalta da jan taya huɗu takan ɗaure ƙarafa, sandar ta cije. Maganinta a yi baya kaɗan.

A taƙaice, a fara da gwajin da ba ya cin ko kwabo, a bar sauke akwati ya zama matakin ƙarshe.